Cire jakar ƙasan ido da leza: tambayoyi da amsoshi kan haɗarin aikin da abubuwan da ke biyo bayansa

Yawancin masu tambaya kan aikin nan abu ɗaya ne ya ja su, an ce musu ai babu wuƙa, haske ne kawai, ka shiga ka fito kamar wanda ya je aski. Toh ba haka abin yake ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, wasu amsar tana da tsawo wasu layi uku ya ishe su. Na fi yin magana da mata don su suka fi tambaya, amma maza ma ku karanta, idon ai iri ɗaya ne.

Wai ita jakar nan me ke cikinta, ruwa ne ko kitse?

Ya danganta, kuma sai an raba wannan gardamar kafin a zo maganar leza. Ƙwayar ido tana zaune ne a cikin kitse kamar ƙwai a cikin auduga, a fatar ido ta ƙasa akwai curin kitse guda 3 da wani siririn tantani ke tokare da su. In shekaru suka ja tantanin ya saki, sai kitsen ya bultso gaba, shi ne jakar da kike gani a madubi safe da yamma ba ta canzawa. Wasu kuma gado ne, za ki ga yarinya 'yar shekara 22 da shi, ki duba mamanta ki ga irinsa.

Wanda yake ruwa kuwa da safe yake cika, kafin azahar ya saɓe. Gishiri da magi, rashin barci, kuka, atishawar ƙura duk suna kawo shi. Sannan akwai wanda ba na kwalliya ba ne sam, ciwon ƙoda yana fara nuna kansa da kumburin ido da sassafe, haka matsalar maƙoƙo tana kumbura fatar ido har ta turo ƙwayar waje. Irin wannan gwajin fitsari da na jini yake so, leza ba abin da za ta yi masa.

Da gaske ne aikin leza ba tiyata ba ne?

Nan ne ake rikita mutane, don abu biyu ne daban ake kira da suna ɗaya.

Na farko tiyata ce cikakkiya, sunanta a asibiti bilefarofilasti. Likita zai janyo fatar idon ta ƙasa ya yanka ta ciki, wajen jan naman nan da kike gani in kina sa kwalli, ya kai ga kitsen ya rage shi ko ya shimfiɗa shi zuwa ramin da ke ƙasa. Bambancin kawai maimakon wuƙa sai ya yi yankan da lezar CO2, wadda tana yanka tana ƙone bakin ƙananan jijiyoyin jini, shi ya sa jinin bai cika yawa ba. Yanka ta ciki ba sabon abu ba ne, tun 1924 wani likita Bafaranshe mai suna Bourguet ya bayyana hanyar. Lezar CO2 kuma a 1964 Kumar Patel ya ƙirƙiro ta a Amurka, sai wajen shekarun 1980 likitocin ido suka fara yankan fatar ido da ita.

Na biyun shi ne ƙona saman fata. Ana bi da hasken a kan fatar ƙasan idon ta waje, a ƙone ta daidai gwargwado don in ta warke ta ɗame, tamoji su ragu. Wannan ba ya cire kitse ko kaɗan. In jakarki ta kitse ce aka yi miki wannan shi kaɗai, za ki sha raɗaɗi ki biya kuɗi jakar tana nan daram. Sau da yawa ana haɗa biyun a zama ɗaya, kuma kowanne da nasa haɗarin, don haka tambayar farko da za ki yi wa likita ita ce wanne daga ciki zai yi min.

Me zan gani a kwanakin farko wanda ba abin tsoro ba ne?

Kumburi, kuma ya fi yawa a kwana na 2 zuwa na 3, har ki ce ai gara jiya da yau. Taruwar jini a ƙarƙashin fata kamar an naushe ki, a baƙar fata duhu yake yi sosai, yana ɗaukar sati 1 zuwa 2 kafin ya washe. Hawaye, ƙaiƙayi, jin kamar yashi a ido, gani dishi-dishi saboda man da ake shafawa, da rashin son haske. In an ƙona fatar waje za ta riƙa tsattsafo da ruwa tana ɓawo kamar kwana 5 zuwa 10, kar ki ɓantare ko da wasa. Wani lokacin tantanin da ke kan farin ido yana kumbura ya yi kamar ƙwai-ƙwai na ruwa a gefen ido, yana da ban tsoro a gani amma yawanci yana saɓewa da ɗigon magani cikin 'yan makonni.

Mutum zai iya makancewa?

Eh zai iya, duk da ba kasafai ba. Duk wanda ya ce miki babu wannan haɗarin kwata-kwata to ko bai sani ba ko yana son kuɗinki ne.

Babbar hanyar ita ce jini ya ɓalle a bayan ƙwayar ido bayan an gama aiki. Kwarmin ido ƙashi ne ta ko'ina sai gaba, jinin ba shi da wurin zuwa, sai ya taru ya danne jijiyar gani. Wani babban bincike da aka wallafa a 2004 a kan likitocin fatar ido na Amurka ya nuna irin wannan zubar jinin na faruwa kamar sau 1 cikin aiki 2,000, rasa gani na dindindin kuma kamar 1 cikin 22,000. Lissafin kaɗan ne amma in ya faɗo kanki ai ba ruwanki da lissafi. Yawanci a awa 24 na farko yake faruwa, musamman 'yan awannin farko, shi ya sa ba a son ki kwana ke kaɗai ko nesa da asibiti a daren farko.

Alamominsa ki haddace su, wanda zai yi jinyarki ma ya haddace: ciwo mai tsanani a ido ɗaya wanda yake ƙaruwa, idon ya turo waje ya yi tauri, gani ya ragu ko ya ɗauke, kumburin ɓangare ɗaya ya fi ɗayan nesa ba kusa ba, wani lokaci da amai. Wannan ba na a jira gari ya waye ba ne, ba na a tura hoto a WhatsApp a jira amsa ba ne. Jijiyar gani ba ta jure matsi fiye da kamar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, likita sai ya tsaga gefen ido ya sassauta matsin cikin gaggawa.

Hanya ta biyu ta lezar ce kanta. Hasken da zai yanka nama zai iya ƙona gaban ƙwayar ido ko ma ya huda ta, don haka dole a sa wata 'yar garkuwa ta ƙarfe a kan ƙwayar idon kafin a kunna na'ura. Ta ƙarfe fa, don ta roba tana iya narkewa. Haka in ana ba mutum iskar oksijin ta hanci ga leza a kusa, wuta na iya tashi, ƙwararru sun san yadda suke kauce wa wannan, 'yan dagaji ne abin tsoro.

Ni baƙa ce, an ce leza tana ɓata baƙar fata, gaskiya ne?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu kuma ita ce hotunan talla ba sa amsawa, don kusan duk hotunan kafin da bayan aiki da kike gani na Turawa ne. Likitocin fata suna da ma'auni da Thomas Fitzpatrick ya fito da shi a 1975, yanzu yana da mataki 6, daga farar fatar da rana ke ƙonawa nan take zuwa baƙa wuluk. Yawancinmu muna 5 ko 6, masu hasken cikinmu su taɓa 4.

Fatarmu in ta ji ciwo ko ƙuna, amsar da take bayarwa ita ce ƙara baƙi. Ki tuna tabon ƙurji ɗaya tak yadda yake wata da watanni a kumatu, ko inda mai ya fallatso miki a hannu wajen suya. To ƙona fatar ƙasan ido da leza ƙuna ce da gangan. Abin haushin ma ba nan take yake fitowa ba, fatar za ta warke ta yi kyau har ki fara murna, sai bayan sati 3 ko 4 duhun ya fara sauka, ki wayi gari da zobe baƙi a ƙasan ido wanda ya fi jakar da kika je cirewa fitowa fili. Yawanci yana dishewa amma a hankali, watanni, wani har shekara, kuma ranarmu ba ta taimakawa.

Akwai kishiyarsa wadda ta fi muni: wurin ya yi fari. In ƙunar ta yi zurfi ta kashe ƙwayoyin da ke samar da launi, sai fatar ta koɗe kamar tabon wuta, wannan kan bayyana a makare, bayan wata 6 zuwa shekara, kuma sau da yawa ba ya komawa. A fuskar Baturiya da ƙyar a lura, a fuskarki daga bakin ƙofa za a hango.

An samu sauƙi tun da aka fito da leza mai ɗige-ɗige a 2004, wadda take ƙona ƙananan ɗigo ta bar lafiyayyar fata a tsakani, haka lezar erbiyum ba ta kai CO2 zafi a nama ba. Sun rage haɗarin amma ba su kore shi ba. Ra'ayina dai, mai baƙar fata da jakar kitse, yankan ciki shi kaɗai ya fi mata kwanciyar hankali tunda ba a taɓa fatar waje ba, babu tabo a waje babu canjin launi. In likita ya dage sai ya haɗa da ƙona fata, ki ce ya nuna miki hotunan masu irin launinki da ya yi wa, na bayan wata 6 ba na bayan sati ɗaya ba, kuma ki nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri ɓoyayye tukuna.

Ina shafa man bilicin, zai hana?

Ki faɗa wa likita gaskiya, ba wurin jin kunya ba ne. Da yawa daga mayukan nan da haɗin da ake sayarwa a roba ba suna akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, yana sirantar da fata ya hana ciwo warkewa da wuri ya buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Haidirokwinon kuma, wani sinadarin hasken fata da ke cikin mayukan, in an daɗe ana shafawa yana kawo wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu da gefen ido, wanda da yawa suke ɗauka duhun ido ne su je neman leza, alhali man ne ya jawo. Fatar ƙasan ido dama ita ce mafi siranta a jiki, ki haɗa da wadda mai ya cinye, sannan a ɗora mata wuta... kin ga ai ba sai an faɗa ba.

Jikina yana yin tabo mai tudu, irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne. Fa?

Kiloyid kenan. Fatar ido kanta ba ta cika yin sa ba, amma in za a ƙona har zuwa saman kumatu to akwai magana, yawancin likitoci ba sa yi wa mai irin wannan jikin. Ki nuna masa tabon da idonsa.

Na ga wata bayan aiki idonta ya zama kamar an ja shi ƙasa, me ya faru?

Fatar idon ce ta janye. Ko dai an yanke fata da yawa, ko lezar ta ɗame ta fiye da kima, ko tabon ciki ya ƙanƙance ya ja ta ƙasa. Sai farin ido ya bayyana a ƙarƙashin baƙin, idon ya yi zuru-zuru kamar mai mamaki ko mai baƙin ciki, in abin ya yi tsanani fatar ta juye waje jan naman ya fito, hawaye na zuba a kumatu, ido ba ya rufuwa ruf in ana barci. Ya fi samun manya waɗanda fatar idonsu ta riga ta saki, da masu manyan idanu da suka ɗan fito. Akwai gwaji mai sauƙi, likita zai ja fatar ƙasa ya saki ya ga ko za ta koma da kanta ba tare da kin ƙifta ba, in ba ta koma ba sai an ɗaure gefen idon a lokacin aikin. Likitan da bai taɓa fatar idonki da hannunsa ba ya sa miki rana, ki sake tunani. Ƙaramin janyewa yana gyaruwa da tausa da lokaci, babba sai wata tiyatar, wani lokaci har da dashen fata, garin neman gira kenan.

In aka cire kitsen gaba ɗaya ba shikenan ba?

A'a, nan ma wata matsalar ce. In aka kwashe da yawa wurin zai rafta ya yi rami, ki fito kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya, kuma da shekaru fuska dama ƙara zubewa take yi. Mayar da kitse ya fi cire shi wuya. Shi ya sa yanzu da yawa sun fi son su gusar da shi ya cike ramin da ke tsakanin ido da kumatu. In kuma aka bar wani curi, musamman na can gefen waje, sai ki ga tudu a ido ɗaya babu a ɗayan.

Akwai kuma wata 'yar tsoka mai juya ƙwayar ido da ta ratsa tsakanin curin kitse na ciki da na tsakiya, in aka taɓa ta ko zafin leza ya kai mata sai mutum ya riƙa ganin abu bibbiyu. Yawanci na ɗan lokaci ne, jefi-jefi yana zama.

Su waye bai kamata su yi ba, ko sai da shiri?

Mai hawan jini da bai daidaita ba shi ne na farko, don shi ne babban abokin zubar jinin da na faɗa a sama. Mai ciwon suga da bai saitu ba, ciwo ba zai warke da kyau ba. Mai bushewar ido, don aikin yana ƙara ta, haka wanda aka yi wa aikin gyaran gani na LASIK ana so ya jira aƙalla wata 6. Mai matsalar maƙoƙo da ta taɓa ido. Mai ciki. Mai shan taba ko shisha ya ajiye makonni kafin da bayan aiki.

Magunguna kuma, asfirin da ibufurofen da dikulofenak ɗin nan da muke saya a kemis kamar gyaɗa duk suna tsinka jini, haka wafarin da kulofidogirel. Amma in likitan zuciya ne ya ɗora ki a kai kar ki daina da kanki, su likitocin biyu su yi magana. Ƙwayoyin tafarnuwa, citta mai yawa, man kifi, bitamin E da jiƙe-jiƙen gargajiya duk ki lissafa masa. Wadda ta sha aisotiretinoyin na ƙurajen fuska, an saba jira wata 6 ko fiye kafin a ƙona fata. Sannan in kina yawan samun ƙurajen nan na leɓe da ke fitowa bayan zazzaɓi, ƙwayar cutar tana kwance a jiki kuma leza tana tashinta ta bazu a kan ɗanyar fata ta bar tabo, shi ya sa ake fara ba da maganin ƙwayar cutar, asaikulobiya ko ɗan'uwansa, tun kafin ranar aiki.

Yaya zan yi da sallah, kwalli da aikin gida?

Duk abin da zai sa kai ya yi ƙasa jini ya taru a fuska ana gudunsa a kwanakin farko, wato shara a sunkuye, wanki, daka, ɗaukar bokiti, har yunƙuri a banɗaki. Sujada ma tana ciki, ki tambayi likita kwana nawa, mara lafiya dai an yi masa sauƙi ya yi sallah a zaune da nuni. Ki kwanta da filo biyu ko uku, ki riƙa ɗora tsumma mai sanyi mai tsabta a kwana biyun farko, ba ƙanƙara tsirara a kan fata ba.

Kwalli, jagira da hoda a ajiye kamar sati 2, gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido shi ma haka. Turaren wuta da hayaƙin murhu ki nisance su, na san wannan zai yi wa wasu wuya. In da hali kar ki sa aikin a tsakiyar hunturu, ƙura da bushewar iska a kan idon da bai gama rufuwa ba azaba ce. In an ƙona fata kuwa, man kariya daga rana da baƙin tabarau sun zama dole na watanni, ko da daga ɗaki zuwa tsakar gida ne.

Bikina saura wata ɗaya, zan iya yi?

Kar ki yi. Daidai lokacin da duhun zai fara fitowa kenan, kuma kumburin ƙarshe yana ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin fuska ta zauna.

A ina ya kamata a yi, kuma wa zai yi?

Likitan ido da ya ƙware a tiyatar fatar ido, ko likitan tiyatar gyaran jiki mai cikakkiyar rajista. A Najeriya hukumar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, a Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen ido inda za a fara duba miki ko jakar ta kitse ce ko wata cuta ce. Shagon gyaran jiki da ya sayo na'ura aka koya wa yarinya a kwana uku ba wurin kai ido ba ne, ko nawa suka rage miki, araha ba ta ado. Ki tambaya kai tsaye: in jini ya ɓalle da ƙarfe biyun dare wa zan kira, kuma ina zan je?

Masu tafiya Turkiyya, Masar, Indiya ko Dubai, matsalar ba lallai ƙwarewa ba ce, matsalar ita ce dawowa. Ana yi miki aiki ki hau jirgi bayan 'yan kwanaki, duhun fata da janyewar ido kuma sai bayan makonni suke bayyana, lokacin kina gida likitan yana wata ƙasa yana amsa saƙo in ya ga dama. In za ki tafi ki zauna aƙalla sati 1 zuwa 2, ki karɓo rahoton aikin a rubuce da sunan lezar da aka yi amfani da ita, kuma tun kafin ki tashi ki samu likitan ido a gida da ya yarda zai ci gaba da duba ki.

In ban son tiyata, allurar cike rami fa?

Tana ɓoye ƙaramar jaka ta hanyar cike ramin da ke ƙasanta, amma ba ta cire komai, kuma tana narkewa a sake. Ita ma tana da nata, tana iya jan ruwa wurin ya ƙara kumbura, in kuma aka yi rashin sa'a ta shiga jijiyar jini tana iya makantarwa nan take. In za a yi, a yi da mai hayaluronik asid don ita ce ake da allurar narkar da ita.

Jakar tana dawowa bayan aiki?

Kitsen da aka cire ba ya sake tsirowa, shi ya sa aikin ƙasan ido ba a cika maimaita shi ba. Amma fata tana ci gaba da saki da shekaru, kumburin ruwa na gishiri da rashin barci kuma yana nan yadda yake. Tudun nan da ke can ƙasa a kan ƙashin kumatu shi ma daban ne, cire kitsen ido ba ya taɓa shi, wani lokacin ma ya fi fitowa bayan aiki. In sakamakon bai yi miki ba, ana jira kamar wata 6 nama ya huce kafin a sake taɓawa, sai dai in ido ne ba ya rufuwa, wannan ba a jira da shi.